Abarci a Bikin Korahane

Tun bayan girbi muryar Abarci ta fara dushewa, shi kuwa ya ce mura ce. Ya sha zuma, ya sha citta, ya sha duk jiƙon da matarsa Lalla ta haɗa masa, abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da ya je asibiti a Maraɗi, likita ya leƙa maƙogwaronsa ya gaya masa gaskiya: in bai bar waƙa ba, nan gaba maganar ma sai ta gagare shi.

To, mutumin da ya yi furfura yana kaɗa gurmi a bukukuwan Dakoro da kewaye, wace sana'a zai koma? Garke babu, gonar geronsa kuma ba ta kai su rani.

Mai ɗaukar sautin da ya naɗe masa waƙoƙinsa a Maraɗi ne ya ba shi shawara. Ya ce a ɗora su a intanet, duk mai so ya biya ta salula ya sauke, Abarci ya zauna gida ya huta waƙoƙin su riƙa ciyar da shi. Abarci ya dawo Dakoro da murnarsa, har ya ce wa Lalla wahala ta ƙare.

Waƙoƙin kam sun yi tafiya. Kafin wata ya mutu, ko'ina ya bi sai ya ji kansa: a rumfar mai shayi, a bayan kabu-kabu, a aljihun makiyayan Bader Goula da suka koro dabbobi kasuwa. Sai dai mutum guda ne ya saya, masu turin waƙoƙi na bakin tasha suka kwafa, suna cika wa kowa salularsa da araha. Abarci ya daina tsayawa ya saurara. In ya jiyo muryarsa daga nesa sai ya sake hanya, don ransa ɓaci yake yi.

Abin da ya fi ci masa rai, mutanen nan ba marowata ba ne. Su ne dai masu yi masa liƙi a filin biki har rigarsa ta yi nauyi. Ranar kasuwa ya tare Halidu dillalin shanu, wanda ya fi kowa sakin hannu in ana kiɗa, ya tambaye shi me ya hana shi saya ta hanyar da ta dace.

Halidu ya yi dariya ya ce, “Haba Abarci. In na biya cikin salula, wa ya gani? Kai kanka ba ka san ni na ba ka ba.”

Abarci ya san ba ƙarya Halidu ya yi ba. A nan Halidu ya gaya masa ɗansa zai yi aure a garin Korahane, lalle ya zo. Abarci ya nuna maƙogwaronsa. Halidu ya ce ai ba sai ya buɗe murya ba, za a sa waƙarsa a lasifika, shi dai ya riƙe gurmi ya riƙa motsa baki, jama'a su gan shi su yi abin da suka saba.

Da ya koma gida ya gaya wa Lalla. Sai ta wanke masa babbar rigarsa ta shanya.

Ranar bikin da la'asar aka tsayar da shi tsakiyar fili, aka saki waƙar daga salular ango. Muryar ta fito tas, irin wadda shi ba shi da ita yanzu. Ya bi ta da baki, kunya kamar ya nutse, amma ba wanda ya damu. Mata suka yi guɗa, Halidu ya shigo yana liƙi yana waige-waige a gan shi.

Ana tsakiyar baiti sai waƙar ta yi ƙasa, wata siririyar murya ta ratso ciki: “Yazidu mai turi, bakin tashar Dakoro! Sabbin waƙoƙi sai wurinmu!”

Ashe kwafin masu turi ne, har da tallar da suka cusa. Abarci ya tsaya baki buɗe. Ya jira a yi masa dariya, ba a yi ba. Filin gaba ɗaya ya amsa tallar tare da tafi, don haka suka san waƙar, haka suka haddace ta. Shi kaɗai ne bai iya wurin ba.

Halidu ya matso kusa da kunnensa ya ce, “Ci gaba mana, kai aka jira.”

Abarci ya dubi kuɗin da ke zube a ƙafafunsa, ya tuna rumbunsu.  Ya gyara riƙon gurmi ya kama baitin gaba. Da tallar ta sake zagayowa, sai ya motsa baki ya bi ta ita ma.