Geron Kwarin Huci

Baba Abdulwasi'u ya dawo daga asibitin ido bayan La'asar, idonsa na hagu a rufe da auduga. A falon gidansa na unguwar Rusaifa a Makka ya tarar da ƙananan kofunan gahawa ba a kwashe ba, da ƙwallayen dabino a faranti, wani ya jera su kamar haƙora.

"Baƙi aka yi?" ya tambayi ɗansa Turki, wanda ke shagon wayoyi a ƙasan benen.

"Na'am, ya Baba. Mutanen Najeriya ne, Sabo da wani tsoho, Malam Salihu. Sun gama umra, yau bayan Magariba za su wuce Jidda."

"To ina geron?"

Turki ya yi murmushi. "Na mayar musu. Wallah kunya ta kama ni. Mutum ya sha wahala, ya ɗauko abinci daga ƙasar da ake yunwa, ya kawo mana nan? Na ce ba ma buƙata, ya kai wa masakin, wato mabuƙata, Allah ya ba mu lada baki ɗaya."



Mahaifin Baba ya baro ƙauyen Kwarin Huci da ƙafa tun zamanin Turawa, ya zo aikin Hajji bai koma ba. Da zai taho sai ya ba kakan Sabo aron gonarsa. A can, aron gona yana da ƙa'ida. Duk shekara mai aro zai aika wa mai gona mudun gero a gaban shaida, shi kuma ya sa hannu ya ɗiba ya tauna. Ranar da gidan mai gona ya ce ba ya so, ya saki gonar ke nan, ta zama ta mai aro. Shekara da shekaru alhazai ke kawo wannan mudu har Makka, a ƙunshe cikin zani, wani lokaci duk ƙwari sun huda shi, kuma ba a taɓa mayar da shi ba.

A tsakiyar gonar akwai wata tsohuwar rijiya mai numfashi. Ruwanta yakan yi ƙwal-ƙwal kamar ana dafa shi, in aka kanga mata ashana sai wuta shuɗiya ta tsaya a kan ruwan tana rawa. Mutane sun ce aljanu ne ke girki. Daga baya wani kamfani ya zo ya ce iskar gas ce, ya kafa bututu. Yarjejeniyar da ya yi da garin ta ce duk ƙarshen shekara zai rubuta rahoto, ya faɗi yawan iskar da ya ɗiba, da kason gari, da sunan kowane gida mai ƙasa a wurin. Kamfani kuwa bai san gonar wane da ta wane ba, abin da dattawa suka shaida shi yake rubutawa. Kason gidan Baba yana zuwa ne hannun ƙanwarsa Saudat, wadda aka aurar can, mijin ya rasu ya bar ta da jikoki. Da shi take ci, da shi take sayen maganin hawan jini. In suna ya fita daga rahoton, kason ya bi shi.

"A gaban Malam Salihu ka faɗa?" Baba ya tambaya.

"Yana zaune nan, a kujerarka."

"Ɗauko makullin mota."

"Baba, likita ya ce kada ka sunkuya, kada ka shiga rana…"

"Likita yana da ƙanwa a Kwarin Huci? Yalla!"

A mota ya yi wa Turki bayani a gajarce.  Turki ya kira lambar da Sabo ya bari, aka ce a kashe take. Abin da ya sani kawai shi ne masaukinsu yana bayan unguwar Tandabawi, wani otal mai koren gilashi.

Ba su yi nisa ba wayar Baba ta yi ƙara. Saudat ce.

"Yaya, me kuka yi? Ga guɗa nan ina ji daga gidan su Sabo. Wai ya aiko saƙon murya, wai kun saki gona. Ranar Alhamis mutanen kamfani za su zauna da dattawa a rufe rahoto. Yaya, da gaske ne?"

"Shiga ɗaki ki rufe ƙofa. Kada ki tanka wa kowa."

"Da gaske ne?"

"Ina hanya," ya ce, ya kashe.

Titi ya cushe da manyan motocin masu umra. Baba a Tandabawi aka haife shi, sai ya ce ya san hanyar yanke. "Bi dama, akwai lungun masu gasa tsire, sai ka ɓulla ta wajen tanderun Bayamane." Turki ya bi dama. Babu lungu, babu tanderu, sai dogon shingen kwano da wata ƙatuwar na'urar ɗaga kaya tsaye a sama kamar zalɓe. Baba ya ƙura wa wurin ido ɗaya. Daidai inda na'urar take, nan ne ɗakin da aka yanke masa cibiya.

"Baba, wannan lungun tun ina makaranta aka rushe shi!"

"To koma da baya mana, kana kallona!"

Kafin su fita daga nan inuwar benaye ta rufe titi. Sun tambayi wani mai shara, ɗan Damagaram, ya nuna musu da tsintsiya. Da suka iso otal ɗin, wata doguwar bas tana tsaye injinta a kunne, ana cusa jakunkuna da jarkokin Zamzam a cikinta.

Sabo na tsaye a bakin ƙofar bas, dogo, kansa sabon aski yana ƙyalli. Da ya hango su bai yi mamaki ba. Ya durƙusa ya gai da Baba yadda ya kamata.

"Baba, ya jiki? Aka ce an yi aikin ido."

"Da sauƙi. Na zo karɓar gerona."

"Ai ɗanka ya ce ba kwa so."

"Ɗana haihuwar nan ne, bai san komai ba."

"Gemunsa ya fi nawa, Baba." Sabo ya miƙe. "Tun kakana muke noman gonar nan. Mu muka tone kututture, mu muka kai taki. Da gas ya fito, sai aka rubuta sunan mutanen da ko hanyar garin ba su sani ba. Ban ƙwace ba, ban roƙa ba. Ba ni aka yi, a gaban shaida."

Malam Salihu ya sauko daga bas a hankali, ƙaramin tsoho mai tasbaha a wuya. Baba ya juya gare shi.

"Malam, in mai gona ya tauna kafin ɗan aike ya bar gari fa?"

"In ya tauna, ya karɓa," in ji Malam Salihu. "Maganar uba tana gaba da ta ɗa. Amma sai na gani da idona."

"To Sabo, miƙo."

Sabo ya zaro zanin daga aljihu ya kakkaɓe shi. Wankakke ne, har da danshi. "An ce a yi sadaka, na yi." Ya nuna wani fili a gefen otal.

Filin ya yi shuɗi da tattabaru. Sun haɗa kai wuri ɗaya suna tsattsaga, bayansu yana motsi kamar ruwan tafki. Wata farar tattabara, mai ƙafa ɗaya, tana tsalle a gefe ba a ba ta wuri ba.

Turki ya zabura zai ruga cikinsu yana ɗaga hannu. Baba ya cafke rigarsa.

"Kai! A Harami kake. Ba a korar tsuntsu a ƙasar nan."

"Baba, cinyewa suke yi!"

"Na gani. In ka firgita ko ɗaya, Malam zai ce da haram na karɓa."

Malam Salihu ya gyaɗa kai.

Baba ya cire takalmansa. Ya durƙusa a bakin filin, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya fara rarrafe. Jini ya taru masa a ido mai ciwo, yana bugawa. Yakan matsa kaɗan ya tsaya, sai tattabarun sun manta da shi ya ƙara matsawa. Suka riƙa buɗa masa hanya da ƙafa, ba wadda ta tashi. Ƙasan duk alkama ce da masu umra ke watsawa, da kashin tsuntsu, da gashi. Da ido ɗaya ba ya iya gane nisan abu, sai ya kai hannu ya damƙo tsakuwa.

Direban bas ya danna oda. Tattabarun suka ɗaga kai gaba ɗaya. Baba ya daskare, hannunsa ɗaya a sama. Turki ya ruga ya riƙe hannun direban ta taga yana roƙonsa da Larabci. Matan da ke cikin bas suka leƙo, wata ta ce, "Wayyo, bawan Allah, me ya yar?"

Tsuntsayen suka mayar da kai ƙasa. Baba ya ga wata tsaga a siminti inda baki ba ya shiga. Ya lashi ɗan yatsa ya dangwala a ciki. Ya juyo da rarrafe kamar yadda ya shiga, hannun a dunƙule, gwiwoyin farar rigarsa sun yi baƙi. Audugar idonsa ta jiƙe.

Ya buɗe tafin hannu a gaban Malam Salihu. 'Yan ƙwayoyi ne ƙanana masu ruwan toka, ba su cika farce ba.

"Ana sayar da gero a Makka ma," in ji Sabo. "Wa ya san na wane ne?"

Malam Salihu ya duba, ya girgiza kai. "Ni ba zan rantse a kan ƙwayar gero ba. Sabo, kai ka zuba, kai ka san inda ka zuba." Ya nuna saitin Ka'aba da haɓa, inda hasumiyar agogo ta leƙo ta bayan benaye. "Juya can ka ce ba naku ba ne, ni kuma in kai wa dattawa haka."

Aka fara kiran sallar Magariba, masallatai suna karɓa ɗaya bayan ɗaya. Sabo ya dubi hasumiyar, ya dubi ƙwayoyin da ke tafin hannun Baba.  Gumi ya gangaro daga sabon askinsa.

"Namu ne," ya ce da ƙyar. "A tsagar nan na fara zubawa."

Baba ya watsa ƙwayoyin a baki, da ƙasar da komai. Ba shi da turame, da haƙoran gaba ya tauna, a hankali, har Malam Salihu ya ji ƙarar.

"Na gani," in ji Malam Salihu. "Sunan gidanku yana nan."

Sabo ya ninke zaninsa. "Baɗi ku aiko wanda zai noma muku," ya ce. "Mun gaji." Ya hau bas bai yi sallama ba, ya zauna a ɓangaren da ba ya kallon su.

Turki ya kama Baba ya zaunar da shi a bakin titi, yana duba audugar da ta fara ja.

"Mu koma asibiti, ya Baba."

"Kira min Saudat tukuna," in ji Baba, yana tofar da tsakuwa.