Ginshiƙan Hawa Na Biyu

Karo na uku ke nan injiniyar tana danna maɓallin, ginshiƙan hawa na biyu suna rinewa ja a allon kwamfuta. Manhajar tana jijjiga zanen ginin ƙarfen ne kamar yadda girgizar ƙasa za ta yi masa, duk inda ba zai jure ba ta shafa masa ja. Ɗakunan kwanan ɗalibai ne za a gina.

Kawunta, mai kamfanin, yana tsaye a bayanta, waya a hannu. Shi ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, shi ya kai ta jami'a.

"Auta, motar ɗaga ƙarfe tana wurin aiki tun safe. Me ake ciki?"

"Ƙarafan da za a gicciya a kan ginshiƙan nan sun fi su ƙarfi, Kawu. In ƙasa ta motsa, ginshiƙan ne za su fara lanƙwashewa, hawan sama ya zauna kan na ƙasa."

Ya sunkuyo ya dangwala yatsa a gefen allon. "Nan kin sa ƙasa mai laushi. Mai da ita mai tauri mu gani."

Ta canza. Jan ya ɓace, gini ya koma kore shar.

"To, kin gani."

"Amma ƙasar wurin mai laushi ce. A gabanmu aka haƙa."

"Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin ƙasar nan ta motsa ba. Buga ki sa hannu."

Ba ta taɓa mayar masa da magana ba, amma yau ba ta danna maɓallin bugawa ba.

Sai tagogi suka ɗauki karkarwa, daɓen ofis ya yi rugugi a ƙarƙashin ƙafafunsu. Kawu ya damƙi hannunta, ya fizge ta daga kujera, bai tsaya ba sai bakin ƙofa. Tirela ce maƙare da siminti take wucewa a titi.

Ya sake ta a hankali. Babu wanda ya yi dariya.

Ta koma ta zauna, ta mayar da ƙasar mai laushi. Jan ya dawo inda yake. Kawu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kira shugaban ma'aikata a waya.

"Ka ce wa direban motar ɗaga ƙarfe ya kashe injin."

Ya jawo kujera kusa da tata, yana share goshi. "Wane kauri ginshiƙan suke so?"