Bosuwaja a Dajin Yankari

Shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin Udoji, Malam Bappayo na unguwar Dawaki ya sayi mota. Bosuwaja ce ruwan ɗorawa, mai ƙugi ta baya kamar injin niƙa. Akawu ne shi a ofishin auduga na Gombe, mutum mai kamun kai da ƙarancin magana. Ya kai shekara arba'in da biyu bai taɓa riƙe sitiyari ba, don haka sai da ya yi wata biyu yana zagaya filin ƙwallo da yamma kafin ya yarda ya hau titi.

Babbar 'yarsa Hadijatu, wadda gida da waje ake kira Adda, shekararta goma a lokacin. Wata safiya tana shara a bakin zaure ya tsaya a kanta, ya yi gyaran murya.

"Adda, a littafinku na makaranta akwai hoton giwa?"

"Akwai, Baba."

"To ai bai kamata yaro ya tsaya a hoto ba. In an yi hutu zan kai ki Yankari ki gani da idonki."

Adda ba ta san lokacin da ta yar da tsintsiyar ba. Kafin azahar duk yaran layin sun ji, kafin magariba an ƙara wa labarin zaki da damisa. Kakarta Inno kuwa ta ƙi yarda sam.

"Mutum da hankalinsa," in ji ta, "ya ɗauki ɗiya ya kai wa namun daji har gida? Kai da jiya jiya ka ture mini randa da wannan abar?"

Bappayo ya duƙa ya yi ta ba ta baki har kwana uku, sannan ta ce su je, amma ita ba ta ce su je ba. Mahaifiyar Adda, Safiyyatu, tana goyon jariri ɗan wata biyu, sauran ƙannen kuma ƙanana ne, saboda haka tafiyar ta zama ta mutum biyu. Ranar jajiberin tafiyar Safiyyatu tana cika kwanon Inno da cincin, wani da dambun nama, sai ta jawo Adda kusa ta yi ƙasa da murya.

"Ki kula mini da babanki. Tun kafin a haife ki yake zancen giwar nan. Ke dai an fake da ke ne."

Suka fita bayan sallar asuba, a farkon hutun Ista, zafi bai riga ya farka ba. Adda tana gaba, abin da ba ta taɓa samu ba, da sabon ɗankwali da kyamarar aro a cinyarta. Bappayo ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, hancinsa kusan a jikin gilashi. Manyan motoci suka yi ta wuce su. Wani mai babur ɗauke da buhu biyu ya wuce su, har ya waiwayo ya duba ko lafiya.

"Bar su," in ji Bappayo. "Giwa ba inda za ta."

Ya ba ta aikin karanta alamun hanya, ita kuma ta ƙara wa kanta na ɗaga wa mutane hannu. Ta ɗaga wa mata masu tallan nono, ta ɗaga wa 'yan gyaran titi, ta ɗaga wa wani jaki. Da suka yi nisa da gari sai ta ji wani sauti da ba na injin ba. Ta saurara da kyau. Babanta ne yake rera waƙa ƙasa-ƙasa, da Fillanci, irin ta makiyaya. Ba ta taɓa sanin yana da muryar waƙa ba. Ta kalle shi, ya kalle ta ta gefen ido, sai ya ɗaga muryar, yana buga sitiyari da yatsa. A wata gangara ya taka mai har iska ta fizge ɗankwalinta zuwa kujerar baya, ita kuwa tana ta cewa ya ƙara.

A Alƙaleri suka tsaya suka ci ƙosai da zafinsa a tsaye, yana hura yatsu kamar yaro. Dab da Dindima suka karya hagu. Daga nan gidaje suka yi ta raguwa har suka kai ƙofar Mainamaji, inda aka rubuta sunansu aka ɗaga musu sanda. Tsakanin ƙofar da masaukin Wikki tafiya ce mai tsawo cikin daji, ba kowa sai bishiyoyi da zabbi masu tsallaka hanya a guje. Duk wani baƙin dutse da suka hango sai Bappayo ya taka birki.

Masaukin ɗakuna ne masu zagaye kamar na ƙauye, amma da gadon ƙarfe a ciki. Suna cikin sauke kaya, ƙofar mota a buɗe, wani gwaggon biri ya taho a natse kamar mai aiki a wurin, ya leƙa, ya ɗauki kwanon cincin, ya koma gindin bishiya ya zauna ya buɗe murfin. Bappayo ya cire takalmi ɗaya ya nufe shi. Birin ya ɗago ya yi hamma, haƙoransa suka bayyana. Bappayo ya tsaya cak da takalmi a hannu.

"Bawan Allah," ya ce cikin ladabi, "in ka gama ka bar mana kwanon."

Adda ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Birin kuwa ya cinye, ya bar kwanon, ya tafi da murfin.

Bayan azahar suka gangara matakala zuwa ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin wani jan dutse yake fitowa, garau, ana ganin farin yashin ƙasansa, ga inuwar manyan bishiyoyi ta rufe shi. Adda ta tsoma ƙafa ta ja da baya. Ɗumi ne da shi kamar an sirka mata ruwan wanka. Ta shiga da zanenta inda bai wuce ƙugu ba, tana fantsama.

"Ni kallo zan yi," in ji Bappayo, ya zauna a bakin ruwan.

Can sai ya cire takalmi. Can ya naɗe wando zuwa gwiwa. Adda ta nutsa kai ta ɗago, sai ta ga babanta a tsakiyar ruwa har wuya, da rigarsa da komai, hularsa zanna a kai ba ta ko jiƙe ba, idonsa a lumshe.

"Baba, ka ce kallo za ka yi."

"Daga nan an fi gani," in ji shi. Sannan ya buɗe ido ɗaya. "Wannan ba sai Inno ta ji ba."

Da la'asar aka loda baƙi a wata buɗaɗɗiyar mota mai benci, aka shiga daji da su. Jagoran, Malam Rufa'i, siriri ne mai bindiga a kafaɗa, yana magana kamar mai tsoron tada barci. Ya nuna musu garken ɓauna sun yi cirko-cirko suna harararsu. Ya nuna musu gwanki, da gadu masu gudu da wutsiya a miƙe, da kada a kwance bakin kogin Gaji kamar gungume. Ya ce in mutum ya yi kiciɓis da giwa a mota, ya kashe injin ya yi shiru, ita ba ta son hayaniya. Bappayo ya gyaɗa kai, ya gyara kyamara. Amma har rana ta faɗi ba giwa.

Washegari da sassafe suka sake fita. Suka ga bishiyoyin da aka karya kamar karan dawa. Suka ga kashin giwa tuli guda, Malam Rufa'i ya sa bayan hannu ya ce da sauran ɗumi. Suka ga sawu a laka, Adda ta sauka ta tsaya a ciki, ƙafafunta biyu suka shige har da sauran wuri, babanta ya ɗauke ta hoto. Nan ma dai shi ke nan.

"Jiya da safe sun fi ashirin a nan," in ji Malam Rufa'i. "Abin rabo ne."

"Ba komai," in ji Bappayo. "Ai yarinya ta ga ɓauna."

Adda ta kalli fuskarsa. Irin fuskar da yake komowa da ita daga ofis ce ta dawo. Ta nemi abin da za ta ce.

"Baba, ai kashin ma babba ne."

Ya dafa kanta.

Da hantsi suka ɗaure kaya suka kama hanyar fita. Ba waƙa wannan karon. Ya daina taka birki don duwatsu. Adda ta jingina da ƙofa, zafi da ƙugin injin suna neman sa ta barci. Sun yi kamar rabin hanyar ƙofa, suna shan wata kwana, sai motar ta tsaya da ƙarfi har goshinta ya kusa bugun gilashi.

Da farko ta ɗauka bango ne aka gina a hanya. Sai bangon ya kaɗa kunne.

Giwa ce tsaye a tsakiyar hanya, ba ta fi nisan zaure da tsakar gida ba. A bayanta ciyawa tana motsi, wasu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bappayo ya kama giya yana ja, tana ƙara, motar ba ta motsa ba. Ya sake ja. Gumi ya keto masa.

"Adda," ya ce da wata siririyar murya, "ribas ɗin nan ban gama koyonsa ba."

"Malam Rufa'i ya ce a kashe mota, Baba."

Ya murɗa makulli. Daji ya yi tsit.

Abin da ya fi ba Adda mamaki shi ne ba sa ƙara. Duk girman nan, ƙafafunsu suna sauka a ƙasa kamar ana ajiye matashin kai. Sai dai wani gurnani da ke fitowa daga cikinsu, wanda ta fi jin sa a ƙirjinta fiye da kunne, da wani wari kamar na garke bayan ruwan sama. Suka yi ta tsallakawa. Akwai wani ɗan ƙarami da bai iya sarrafa hancinsa ba, ya taka shi ya yi tuntuɓe, uwar ta tura shi gaba da ƙafa. Adda ta cusa ɗankwali a baki don kada dariya ta kuɓuce mata. Ta ji hannun babanta ya kama nata, leɓɓansa suna motsi da addu'a, amma idonsa ko ƙiftawa ba ya yi.

Babbar da ta tare hanya ba ta gusa ba sai da kowa ya wuce. Sannan ta juyo ta tako zuwa gare su, taku uku. Inuwarta ta rufe gilashin. Adda ta ga gashin idonta, dogaye, da busasshiyar laka a tsagin fatarta. Giwar ta miƙo hanci ta shinshina gaban motar, ta shafa shi a hankali daga wannan fitila zuwa waccan, ta huro iska. Daga nan ta juya ta bi sauran, ciyawa ta rufe bayanta.

Bappayo ya saki hannun Adda. Kyamara tana ƙasa wajen ƙafar Adda, ba wanda ya tuna da ita.

"Kin gani?" in ji Bappayo a ƙarshe.

"Na gani, Baba."

"Kin ga ɗan?"

"Ya taka hancinsa."

Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har hawaye, ya kifa kai a sitiyari, hon ya yi ƙara. Su duka suka daskare suna kallon ciyawa. Da ba abin da ya fito, sai suka sake fashewa, wannan karon ba sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Sai da motar ta mutu sau biyu kafin su tashi.

A ƙofar Mainamaji mai gadi ya tambaya ko an dace.

"Talatin," in ji Bappayo.

"Sha ɗaya ne, Baba. Na ƙirga."

"Ke ta gefenki kika ƙirga."

Musun nan bai ƙare ba har Alƙaleri, inda ya sauko zuwa ashirin da biyar, ita kuma ta yarda mai yiwuwa akwai biyu da bishiya ta kare mata. Suka shigo Gombe ana kiran la'asar, yana danna hon tun daga bakin unguwa. Inno ta fito ta kama Adda ta juya ta gaba da baya, ta duba hannu da ƙafa, sannan ta tambayi inda murfin kwanonta yake.

Maƙwabta suka taru a ƙofar gida. Bappayo ya nuna musu wani dogon shafin laka a gaban motar, daga fitila zuwa fitila, ya sa Adda ta ba da labarin tun daga farko, yana tsoma baki inda ya ga ta rage. Da wani ya kawo tsumma zai goge, ya riƙe masa hannu. Haka ya yi ta zuwa ofis da lakar nan a gaban mota har mako uku, sai da ruwan farko ya sauka ranar wata Talata, motar tana waje, ya wanke ta.