Gilashin da Aka Hana Saukewa

"Har mako guda, Kawu?"

"Har sai gam ɗin ya bushe. Ka sauke gilashin nan kafin lokaci, ledar ta yamutse, kada ka dawo min da kuka."

Haka Kawu Liao, mai manna wa gilashin motoci baƙar leda mai tare zafin rana, ya sallami Tsung-ming, bayan ya liƙe maɓallan tagogin tasinsa da salatif. Ranar birnin Kaohsiung ce ta kore shi zuwa shagon, don ta gasa masa hannun hagu har ya fi na dama duhu.

Abin da Kawu bai sani ba, ta wannan tagar Tsung-ming ke rayuwa. Kullum da safe yakan tsaya gaban rumfar Pei-shan, ya sauke gilashi, ta miƙo masa madarar waken suya da wainar ƙwai, ya ce ya gode, ya ja mota zuciyarsa na dukan tara-tara. Iyakar soyayyar ke nan, ita ma shi kaɗai ya san da ita.

Washegari ya tsaya, ya yi ta ɗaga mata hannu daga ciki. Pei-shan ta dubi gilashin, ba ta ga komai ba sai fuskarta, ta gyara gashi ta juya. Kashegari kuwa harara ta watsa wa motar. Ya ji tana gaya wa innarta wai direban nan ya yi baƙin gilashi, ya daina gaisuwa, shi a dole babban mutum.

Maganar ta soke shi. Ya kai yatsa kan salatif, ya tuna fuskar Kawu, ya janye. Sai ya buɗe ƙofa, ya fito.

Pei-shan ta bi shi da kallo tun daga takalmi har kai.

"Ashe kana da ƙafafu, Malam Direba? Na ɗauka da kujerar aka haife ka."

Ya soma bayanin gam da leda, harshensa na sarƙewa, inna tana dariya har da riƙe ciki. Pei-shan ta tura masa kujera da ƙafa, ta ce waina ta fi daɗi a zaune, da zafinta. Ta ajiye biyu, ta zauna gabansa.

Da inna ta tambaye shi yaushe gam ɗin zai bushe, bai ɗauke ido daga Pei-shan ba.

"Ya bushe ko kada ya bushe, Inna, na bar saye ta taga. Daga yau a nan zan riƙa karyawa."