Ranar da Aka Zo Mini Ta'aziyyar Husaini

Jikana Husaini motoci yake sayarwa a nan Gadarif ta Sudan, a ma'arad ɗin Abdelrahman da ke bakin hanyar suk, wato kasuwa. Wancan filin da aka kewaye da waya aka jera bokasi, motocin nan masu buɗaɗɗen baya da manoma ke mutuwa a kansu. Daga wannan aikin muke ci, ni da shi da ƙannensa mata.

Yaron kuwa baki gare shi. Sai ya tsaya gaban mota, ya ɗaga talifon, ya yi ta zuba da Hausa yana bubbuga ƙarfe, ya tura wa mutane a watsab. Mutanenmu na Hawata da Mafaza su ji, su aiko masa da murya. Kafin a zo maganar mota sai an gaida ni, an tambayi ƙafata, an faɗi yadda riɗi ya yi bana. Hotonsa na nan a saman lambar, ya karkata hula yana haƙora kamar wanda aka yi wa kyautar gona.

Shekarar da ake layin burodi ne, kaka ta gabato, Abdelrahman ya kira shi. Wai masu saye na ma'arad ne, ba na Husaini ba. Wai gobe idan Husaini ya koma wurin wani, da su zai tafi a aljihu. Ko ya ba da lambar ko ya bar aiki. Ya ba da lambar, aka miƙa wa Hamid, ɗan ƙanwar mai ma'arad ɗin, wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" ba. Husaini kuma aka ce ya je gida ya huta, za a neme shi.

Na san irin wannan hutun. Ba a dawowa daga shi.

Ya dawo ya kwanta mini a gutiya, ɗakinmu na ciyawa, fuska a bango. Na ce, "Maigida, tashi ka ci kisra. Ni ban auri rago ba."

Ya ce, "Habboba, kakata, bar ni. Ba aiki, ba lamba. Ko wanda zan gaisa da shi ban da shi."

Haka muka yi kwanaki. Ran nan da safe na kore shi layin burodi don dai ya ga rana.

Hantsi ya yi ina tankaɗe, sai ga lori ta tsaya a ƙofar gida. Mutanen Hawata ne cike. Mata suka diro da kuka tun daga waje. Maza suka shigo da buhun sukari da na dawa, Ɗantsoho a gaba, dattijon nan mai babbar gona da ya daɗe yana cinikin bokasi da Husaini. Ya ɗaga hannuwa ya ce, "Fatiha, Hajiya Jummare. Allah ya jiƙan Husaini."

Na zauna a ƙasa cikin gari. Na ce shi ke nan, mota ta kaɗe shi a layi, kuma ni na tura shi. Ban yi kuka ba, numfashin yi ma babu.

Da ƙyar na ce, "Ina gawar? Wa ya gani?"

Ɗantsoho ya ce, "Mu ai tun jiya muka ji."

Jiya? Jiya yaron ya cinye mini rabin kwanon miya yana cewa ba ya jin yunwa.

Na ce, "A bakin wa?"

Ya ciro talifon ya nuna mini. Inda fuskar Husaini take, yanzu baƙi ne wuluk da rubutun zinare a tsakiya. Ni ma da na gani, mutuwa na gani, don haka ake sa wa idan an yi rashi. Ya ce ya aika murya ba amsa, ya kira, wani baƙo ya ɗauka da Larabci. Mu kuwa namiji ba ya ɗaukar talifon wani namiji sai mai shi yana asibiti ko cikin likkafani. Bai jira a karanta masa rubutun ba, matansa sun riga sun fara kuka. Ashe hoton allon sunan ma'arad ne Hamid ya liƙa.

Na yi hamdala har sai da haƙarƙarina ya yi ciwo. Na ce musu yaro na nan da ransa, na ba su labarin lambar kaf. Mata suka share hawaye suna jin kunya. Ɗantsoho ya ce to su juya.

Na ce, "Ku juya ina? Kun ƙona man jaz tun daga Hawata. A shimfiɗa tabarmi, a ɗora shayi."

Abin da ban faɗa musu ba, na hango maƙwabciyata Shatu ta fita da gudu tun kukan farko, mayafi a hannu. Shatu idan ta nufi suk da labari, rediyo sai ya jira. Da na so, da na aika a tare ta. Ƙafata ce ke ciwo.

Ba a sauke shayi ba sai ga motar Abdelrahman. Ya shigo rawani a warware, ido ja. Ya ga tsakar gida cike da mutanen da yake cewa nasa ne, kowa da kofi. Ya ɗaga hannu, Fatiha. Na yi wa Ɗantsoho ido. Muka ɗaga tare da shi. Fatiha ba ta ɓaci, akwai mamata da yawa a gidan nan.

Ya durƙusa gabana ya ce, "Ya Hajja, ɗana ne wallahi. Na ɓata masa rai a banza. Tunda aka karɓi lambar nan ko taya ba mu sayar ba. Da Allah zai dawo mini da shi, da na mayar masa da abinsa da hannuna."

Na ce, "Ya waladi, ɗana, kunnena ya yi nauyi. Ɗaga murya."

Ya sake faɗa, da ƙarfi, har na bakin ƙofa suka ji.

Na ce, "Kun ji?"

Suka ce, "Mun ji."

Muna haka sai ga mamacin ya shigo da ledar burodi, gumi sharkaf. Ya tsaya yana kallon lori, yana kallon tabarmi. Ya ce, "Habboba, wa ya rasu?"

Na ce, "Kai. Zo ka gaida baƙinka."

Abdelrahman ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Ya kama yaron yana tattaɓa kafaɗarsa kamar mai duba mota. Sai dariya ta ƙwace masa da hawaye tare. Ya juyo ya ce, "Ya Hajja, kin ci ni."

Na ce, "Ni ce na ce maka ya mutu?"

Ɗantsoho ya kurɓi shayi ya ce, "Husaini, bokasin nan fari yana nan? Riɗi ya kusa yanka. A ina za ka zauna yanzu, in zo can?"

Mai ma'arad bai bari yaron ya buɗe baki ba. Ya ce, "Inda yake zaune dā." Ya aika aka karɓo lambar a wurin Hamid. Amma ɗan kasuwa ne, ko a gidan makoki sai ya yi ciniki. Ya ce da sharaɗi, a hoton Husaini ya tsaya gaban allon ma'arad, kuma duk maganar mota ya ambaci sunan wurin. Husaini ya ce tamam, ya yarda. Ni na ce allon dai a canza masa launi.

Da la'asar suka hau lori. Ɗantsoho ya tsaya yana kallon buhun sukari, ya rasa yadda zai ce. Na ce masa abin da ya shigo gidan ta'aziyya ba ya fita, ya bar shi a matsayin nawa, in lokacina ya yi ba sai ya sake ɗawainiya ba.

Allon yanzu kore ne. Sukarin kuwa ya kai mu har azumi.