Alwalar Baba Shahata

Da guɗa Nagat ta fito daga ɗakin marasa lafiya, jaririya a kafaɗa, takalmi a ƙafa ɗaya.

"Ya yi! Wallahi Baba ya yi!"

Yayanta Sabri ya zabura daga kan benci. "Ya yi me?"

"Tusa! Har da ƙara!"

"Ke, rufa mana asiri! Ladanin unguwa guda kike yi wa shela a tsakar asibiti?"

Ciwon daji ne ya toshe wa mahaifinsu hanji. Ciki ya kumbura kamar ganga, ko ruwa ya kurɓa sai ya dawo. Likitoci suka ce in aka yanka shi a haka, sai an fito da hanjin ta gefen ciki an manna masa jakar bayan gida. Tsoho ya juya wa bango fuska. Shi da bai taɓa kiran salla a garinsu Mansura ba alwala ba? Liman ya ce sallarsa ta yi ko da jaka, tsoho ya ce gara kabari.

Sai Dokta Mervat ta zo da wata dabara: ɗan bututun ƙarfe saƙaƙƙe kamar raga, a zura ta ƙasa ba yanka, ya buɗe daidai toshiyar. In ciki ya sace, a cire ƙarin daga baya a ɗinke hanjin, wataƙila ba jaka. Tsoho ya yarda, aka saka masa.

Tuni Nagat ta manna waya a kunne. "Kamar lema ne, Gwaggo! A naɗe ake shigar da ita, can ciki take buɗewa!"

Likitar ta iso tana murmushi. "Wa ya haihu?"

"Baba ne, Dokta!"

Ta shiga, ta latsa cikin tsohon, ta gyaɗa kai. "Hanya ta samu. Amma ciwon na nan, Nagat, babban aiki na gaba. Tukunyar waken nan da kika kawo kuma ki mai da ita gida. Romo kawai."

"Mai rabon ganin baɗi ai sai ya gani, Dokta."

Baba Shahata ya janye mayafin da ya rufe fuska da shi. "'Yar nan, kin gama tara mini jama'a?"

"Saura dangin Alƙahira, Baba."

Ya shafa cikinsa a hankali, ya dubi taga. Azahar ta kusa.

"To, alwalata dai ta karye," in ji shi. "Kawo mini buta."

Ta danƙa wa Sabri jaririyar, ta nufi famfo da takalminta ɗaya.