Shafi na Uku

Wake ya ƙone a gonar Badaru, kuma shi ya ƙona shi da hannunsa.

Shekarar da komai ya yi tsada ce. Maganin ciyawa ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai suka haɗa da maƙwabcinsa Tasi'u suka sayo kwalba guda. A zaure suka raba, Tasi'u ya tsiyaye nasa a gorar lemo. Saura 'yar takardar bayani.

"Rabo rabo ne," in ji Tasi'u, ya kece ta gida biyu, kowa ya soka nasa a aljihu.

Badaru ya ɗan taɓa firamare. Da safe ya bi nasa ɓarin da yatsa, harafi harafi, har ƙasa, inda aka ce: In akwai wake a gonarka, duba shafi na uku kafin feshi.

Ya juya takarda. Ɗaya, biyu, shi ke nan. Na uku na aljihun Tasi'u, Tasi'u kuwa ya yi sammakon ta'aziyya Rimin Gado.

"Malam, ka jira shi mana," in ji matarsa Furera. "Kai da ka shuka gero da wake a kunya ɗaya."

"Ciyawa ta ce miki za ta jira? Da abin kirki ne, da a gaba suka sa shi."

Ya goya famfon feshi ya fita.

Da Tasi'u ya dawo, gero na tsaye kore shar, wake ya kwanta kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. A bakin gona ya zaro nasa ɓarin, duk ya sha gumi. Badaru ya karanta a bayyane: kada a fesa inda akwai wake.

"Ni fa ban iya karatu ba, Badaru. Da ka ce..."

"Bari, Tasi'u."

Ba waken ne ya fi ci masa rai ba, harawar ce. Da ita yake ciyar da sansa na huɗa duk rani. Bana babu ko dami ɗaya. Kafin tsakiyar rani haƙarƙarin san ya fito, ana ƙirgawa daga bakin turke.

Ranar kasuwar Ɗambatta Badaru ya ja san zuwa can a ƙafa. Dillali ya dafa ƙugun san, ya taɓe baki, Badaru bai ja ciniki ba.

Da la'asar ya shigo gida, igiya naɗe a hannu. Furera ta dube shi, ta dubi turken, ta ci gaba da tankaɗe. Ya rataye igiyar inda ya saba.